Lamba Goma Sha Biyu

"Ke ce ta goma sha biyu, Rumyana," in ji Bai Lyuben, shugaban jam'iyyarmu a birnin Plovdiv, ko kallonta bai yi ba. "Ki gode Allah ma da sunanki ya shiga."

Shekara ashirin tana yi masa bauta, ya yi mata alkawarin sahun gaba a jerin 'yan takarar Majalisar Turai. Da lokaci ya yi, sai ya sa kansa a farko.

Ya ce mata, "Majalisar da ke Brussels ba ta irinku ba ce. Tafi ƙauyuka ki koya wa tsofaffi yadda ake zaɓe."

Ta tafi. Takardar zaɓenmu gida biyu ce: lambar jam'iyya a hagu, lambar ɗan takarar da kake so a dama. Wanda jama'a suka fi zaɓa shi ke haye na samansa a jerin.

Da sakamako ya fito, kujera ɗaya tal muka samu. Bai Lyuben, wanda har ya ɗinka sabuwar kwat, ya duba allo ya ga sunan Rumyana.

"Me kika gaya wa tsofaffin nan?" ya tambaye ta.

"Abin da ka aike ni, Bai Lyuben. Ka manta lambar jam'iyyarmu a bana ita ma goma sha biyu ce? Cewa na yi, Kaka, kada ki wahalar da idonki, duk inda kika ga sha biyu ki dangwala."

Ta shafa kafaɗar kwat ɗin.

"Ta yi maka kyau. Ka sa ta ranar da za ka raka ni filin jirgi."