Layi Uku a Fitilar Hagu

Duk fitilar motar da aka kawo wa Auta, da farce yake fara gaishe ta. In farcen ya zame ya wuce, aikin rabin awa ne. In ya maƙale, to ranar sai an yi gumi. Shekara goma sha biyu yana wannan sana'a ta goge fitilun mota a rumfarsa ta bakin titi, har mutane suka manta sunansa, sai dai Mai-Fitila.

Wannan safiya farcen ya maƙale har sau uku. Layi uku ne a fitilar hagu ta motar yayansa, sun ci robar sosai. Ya ɗora hannu ya auna, yadda ya saba. Tsakanin na farko da na biyu, yatsa ɗaya. Tsakanin na biyu da na uku, yatsa biyu.

"Yaya, da damisa kuka yi dambe?"

"Ƙofar gareji ce," in ji Yaya, yana kallon titi. "Ka fitar min da shi duka, Auta. Kada ka bar ko alama."

Auta ya ji daɗi a ransa, don ya daɗe yana neman abin da zai yi wa Yaya. Kwana takwas ke nan da mota ta buge mahaifinsu ta baya, yana bisa kekensa, a kwanar shiga layinsu. Yaya ne ya tsince shi, ya ɗauke shi a kujerar baya zuwa asibiti, ya ba da jininsa. Shi ne kuma ya hango motar tana gudu: jar a-kori-kura, in ji shi, ba lamba. Tun ranar bai sake taɓa tasa motar ba sai yau, wai ganin kujerar nan yana tayar masa da hankali.

Shi kuwa Auta, a bakin gadon Baba ya yi rantsuwa sai ya gano mai motar. Ya san wanda ya bugi keke ba zai rasa tabo a gaba ba, kuma mai tabo dole ya nemi mai gogewa. Ya bi abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya ya bar musu saƙo. Jar a-kori-kura ba ta isa ta gifta ba sai ya bi ta da ido har ta ɓace.

Ya zagaye fitilar da salatif don kada ya ci fenti. Ya jiƙa sanfefa mafi kaushi ya fara gurza, daga dama zuwa hagu, yana yayyafa ruwa. Ruwan ya riƙa gangarowa rawaya-rawaya, kalar tsohuwar roba da rana ta dafa. Layi biyu suka tafi. Na ukun ya kafe.

A ƙa'idarsa, in karce ya kai haka, gaskiya yake gaya wa mai mota: a haƙura da shi, ko a sayi sabuwa. Amma wannan ta Yaya ce. Ya durƙusa ya ci gaba, har fatar yatsunsa ta yi fari ta tattare. Yaya na tsaye a kansa, ko kujerar da aka miƙa masa bai zauna ba.

"Saura kaɗan a nan," yake cewa. "Nan, nan."

Da layin ya mutu, sai Auta ya koma sanfefa mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, sannan wadda ta fi ta laushi. Ya shafa mai, ya bi da ƙyalle. Fitila ta fito tas kamar ruwan randa, har suna ganin fuskokinsu a ciki. Yaya ya shafa ta da tafin hannu, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya rungume ƙanensa. Auta har ya ji ƙwalla. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

Da la'asar ya je asibiti. Baba ya fara magana, amma bai tuna komai na ranar ba. Abu ɗaya ke damunsa.

"Ina dokina?" Haka yake kiran keken. "Ka duba min shi, Auta. Kuma in za ka gyara, ban da irin aikinka na kariya. Ƙusoshi uku kamar haƙoran tsohuwa!"

Suka yi dariya har ƙirjin tsohon ya amsa. Tun Auta bai iya riƙe sufana sosai ba ya ɗaura wa tayar bayan keken nan kariyar taɓo, ya huda ramukan ƙusoshin a karkace, kuma Baba ya hana kowa gyarawa don ya samu abin tsokana.

Daga nan ya wuce gida. Inna ta ce Yaya ya tura keken ɗakin shirgi tun ranar, ya rufe shi da tamfol, ya ce kada a buɗe, zai tayar mata da hankali. Auta ya jawo shi tsakar gida, inda akwai haske. Tayar baya ta lanƙwashe, kariyar ta karkace gefe. A bakin kowace ƙusa akwai wani ɗan abu a nannaɗe, siriri kamar ɓawon albasa. Ya ciro ɗaya da farce, ya ɗaga wa rana. Roba ce, rawaya-rawaya.

Hannunsa ne ya riga shi. Ya hau kan ƙusoshin da kansa, yadda ya saba. Yatsa ɗaya. Yatsa biyu.

Ya zauna a ƙasa daɓas, yana kallon yatsunsa da har yanzu ba su gama warwarewa ba. Babu wata jar a-kori-kura: motar da ya kwana takwas yana nema ita ce ta zo har rumfarsa da safe, shi kuma ya durƙusa ya goge mata shaidar da hannunsa.