Tafin Sallau a Bango

Tun da aka raba wa masu lalura irin ta ɗana Sallau na'urar wuya mai yin magana a madadinsu, aka rufe gidan koyon magana na unguwarmu. Yanzu shagon canza batirin na'urar ne. Can na kai shi da safe, ga shi har ya yi gemu.

A bakin ƙofa muka tarar da Malama Ladidi, ta tsufa. Ita ta buɗe gidan da tabarma da randa, zamanin da ake ɓoye irin yaran nan a ƙuryar ɗaki. Duk yaron da ya furta kalmarsa ta farko, sai ta tsoma hannunsa a shuni ta manna a bango, mu iyaye mu yi ta guɗa. An shafe bangon da farin fenti, amma tafukan suna leƙowa.

"Barka da hutawa, Hajiya," in ji na'urar, da muryarta ta mai karanta labarai. Malama ta mai da idonta kan bangon.

Mai shago ya cire batirin. Sallau ya je ya ɗora ƙaton hannunsa kan ɗan tafinsa na yarinta, ya juyo, leɓensa na rawa.

"La... di."

Kalmarsa ta farko ke nan tun yana yaro, sunan Malama, wadda muka yi shekaru muna jira kafin ya furta ta. Malama ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Mai shago ya mayar da batiri da sauri. Na'urar ta ce, "Ku gafarce ni, sautin da kuka ji kuskure ne."

Na ce, "Malam, cire abin nan. Ba su gama gaisawa ba."