Ƙarar da Ke Bin Muryar Inna Uwani

Karo na huɗu ke nan Inna Uwani tana ɗauko waƙar, karo na huɗu kuma Ubaidullahi yana ɗaga hannu ya tsayar da ita.

Ƙarar tana nan. Siririya ce kamar kukan gyare, tana bin muryar tsohuwar tun daga baitin farko.

Shekara tara yana ɗaukar waƙa a wannan ɗaki na gidansa da ke Tudun Wada. Da hannunsa ya manna soso a bango, ya toshe taga da barguna. Mawaƙan biki da masu bege da 'yan waƙar coci duk sun shaide shi da kunne. Wuni yake da hedifon maƙale a kunne, ya ƙure sauti, don kada ko numfashi ya kuɓuce masa.

Amma wannan aikin daban yake. Lailatu, 'yar Inna Uwani, ita ta kawo ta daga Dundaye ranar Litinin. Ranar Alhamis za a yi wa tsohuwar aiki a maƙogwaro, likita kuma bai ɓoye musu ba: ko an yi nasara, ba lalle muryar ta dawo ba. Waƙoƙin niƙa da na daɓe da ta koya a wurin kakarta, ba wanda ya rage da su a ka sai ita.

Ranar Litinin ɗin, waƙa goma sha ɗaya ta rera a zama guda, murya garau, har Lailatu ta yi ta share hawaye. Bayan tafiyarsu ya zauna saurare, sai ya ji ƙarar. Kwamfutarsa ta kusa cika, shi kuma ba ya ajiye aiki mai datti. Ya goge, ya kira waya ya ce su dawo.

Ranar Talata ya kashe fanka duk da zafin gari. Ya kashe firij, ya sa kowa ya kashe wayarsa. Ya canja igiyar makirfo, ya matsar da shi taƙi guda daga bakinta. Ƙarar ba ta gusa ba. Ya shiga manhajar haɗa sauti ya datse duk wani siririn amo, ya bi da abin tace hayaniya, har muryar ta koma kamar daga cikin randa ake waƙar. Gyaren na nan yana kukansa. A fuskar kwamfuta kuwa, duk inda tsohuwar ta yi shiru, layin sauti a miƙe yake sumul. Ya ce manhajar ce ta rikice, ya cire ta ya sake sanyawa.

Yau Laraba. Makirfon aro ne a gabanta.

Inna Uwani ta shafa wuya, ta ce, "Ɗan nan, ni hwa ban ji komi ba."

Ya yi murmushi don girmamawa. Mai shekara saba'in da ɗoriya, wane kunne ya rage mata?

Lailatu ta yi magana, sai da ya ce ta maimaita. Ya lura kwanan nan mutane sun koyi magana ƙasa-ƙasa.

"Na ce ni ma ban jiya ba, Malam. A bar shi hakanan. Inna ta gaji."

"Ba kowa ka jin ta ba," in ji shi. "Amma ranar da anka sa waƙag ga ga babbar sifika, ita za a hwara ji. Inna, daure. Sau ɗaya kawai."

Ta daure. Ta kai baiti na uku, muryar ta tsage. Ta kurɓi ruwa ta sake ɗauka, sai tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta buɗe baki, iska ce kawai take fita. Ta dubi makirfon, ta dubi 'yarta, ta girgiza kai.

Lailatu ta gyara mata mayafi ta ɗaga ta. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ba mu na Litinin ɗin. Ko da ƙara cikinai, muna so."

Ya ce, "Na goge shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta zage shi ba. Ta riƙe hannun uwarta suka fita.

Ya koma kan kujera. Ya bincika kwandon sharar kwamfutar, wayam. Abin da ya rage masa guntaye ne, kowanne da inda ya katse ta. Yana cikin jera su ko za su haɗu, aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, nan take ta yi ɗif.

Ya cire hedifon. Ƙarar tana nan.

Ya miƙe zumbur. Ashe ba cikin na'ura take ba, wani abu ne a gidan. Ya zare kowace igiya daga bango. Ya daddage barguna, ya haska bayan soson da tocila. Ya fita tsakar gida cikin ranar la'asar, ya leƙa ƙarƙashin randa da bayan buhun gawayi. Ya fita ƙofar gida. Injin wani mai walda da ke layin a kashe yake, unguwar duk babu wuta, mutane na ta harkokinsu ba wanda ya ko waiga. Ya taka har ƙarshen layi, ƙarar ba ta ragu ba, ba ta kuma nuna masa inda take fitowa ba.

Ya zauna a dakalin wani gida, ba abin da yake so sai shiru, ko na minti ɗaya. Ya ɗaga hannu biyu ya toshe kunnuwansa gam.

Sai ƙarar ta ƙaru.