Saƙon da Ba Na Gaggawa Ba

Da hantsi Allah Ya karɓi ran jikata Rumaisa. Ubanta Nafi'u yana wurin aiki, kuma can ba a shiga da waya. Ban jira maza ba, na yafa mayafi na tari keke.

Kamfanin nan duk injuna ke aiki, mutum uku suka rage. Nafi'u ne ya shirya wa injunan yadda za su riƙa isar wa juna saƙo. Kullum yana min alfahari wai abin ba ya ɓata lokaci.

A ƙofa ba mai gadi, sai murya daga bango.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Yauwa. Kira min Nafi'u, 'yarsa ta rasu."

"Allah Ya jiƙanta. Idan ya fito yanzu, za ta tashi?"

Na ce, "A'uzubillahi! Wane irin zance ne wannan?"

"Za ta tashi, Hajiya?"

Ni ba na ƙarya. Na ce a'a.

"To ba na gaggawa ba ne. Na sa saƙon a layi."

Na buga ƙofar har hannuna ya kumbura. Gawa ba ta jira, bayan azahar aka kai ta.

Da magariba ya dawo da ledar lemo, don da safe ya bar ta tana zazzaɓi. Ya ga tabarmi a ƙofar gida, ya tsaya cak. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya karanta a fili kamar ba shi ba:

"Rumaisa ta rasu. An kammala. Babu abin da ake buƙata daga gare ka."