Rabin Lambun da Ba Nasa Ba

Ka ce ƙafarka da sauran ƙarfi, Tanimu, maganar wasiyya sai ka tsufa. To gyara zama in ba ka labarin wani mai lambu.

A bakin wata fadama yake noman rani, shi da amininsa, lambunsu jingine da juna, rijiya ɗaya suke ja. Da aminin ya kwanta ciwon ajali, sai ya kama hannunsa ya ce, "Ga 'yata tana goye. Riƙe wa iyalina wurin nan har ta yi hankali." Daga su biyu sai Allah a ɗakin. Bayan takaba uwar ta koma garinsu da yarinyar, tafiyar yini guda a mota. Mai lambu ya ci gaba da aikin wurin, ya dasa gwaiba da lemo, duk shekara yana aika musu da buhunan albasa, mutanen gidansa suna ɗauka zumunci ne kawai. Shekara ashirin da biyu suka wuce. Kunyar da ta raba lambunan ta baje ƙarƙashin fartanya, 'ya'yansa maza uku suka tashi suna ban ruwa daga wannan baki zuwa wancan, ba wanda ya taɓa gaya musu rabin ƙasar da suke takawa ta marainiya ce. Ba cin amana ya ƙudura ba, nauyin baki ne. In ya ga babban ɗansa jiƙe da gumi a ƙarƙashin lemon nan, sai ya ce a ransa, bari a cire albasa tukuna. In an cire, bari azumi ya wuce.

Wata hantsi yana jan guga, igiya ta suɓuce masa, ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, harshe ya ƙi motsi. Kunne kuwa garau. Yana kwance a zaure yana jin 'ya'yansa suna shawara: wani mai buga bulo ya taya gefen gabas, gara a sayar a nema wa tsoho magani. Gefen gabas ɗin shi ne na marainiya. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuni, suka kawo masa ruwa. Ya yi gurnani, suka gyara masa matashi. Hawaye na gangara cikin kunnensa, suka ce zafin ciwo ne. Shi kuwa ba ciwon yake ji ba. Tunanin ranar da za su haɗu da amininsa yake yi, da abin da zai ce masa. Kwana goma sha tara yana haka, an ma sa ranar da mai bulo zai zo da igiyar awo. A na ashirin, matarsa tana ba shi kunu, harshen ya ɗan saki. Kalmar farko da ta fito, a karkace, ita ce, "Liman."

Bai bari rana ta faɗi ba. Aka kira liman da mai unguwa da dattawa biyu, aka ɗora shi a amalanke har bakin fadama. Da sandarsa ya nuna inda tsohuwar kunya take, daga gindin tsamiya zuwa rijiya, aka bi layin ana kafa aduruku. Babban ɗan ya tsaya, fuska a murtuke, ya ce, "Baba, ashe duk shekarun nan a gonar wani muke zuba gumi?" Tsohon ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Laifina ne. Gumin naku ne, ƙasar ba tamu ba ce." Aka aika wa marainiyar, bayan kwana biyu ta zo da uwarta da mijinta, aka sake taruwa a lambun. Ita ba ta ma san ubanta ya bar ko taki ɗaya na ƙasa ba. Ta durƙusa a gindin gwaiba ta yi kuka, sannan ta ce su ci gaba da noman wurin, a riƙa raba amfani. Rijiyar kuwa suka yarda a yi waƙafi da ita, kada wani magaji ya taɓa hana wani ja. Aka rubuta komai, har da abin da tsohon ya aro na mutane da abin da ya ba da aro, shaidu suka sa hannu, aka kai takarda ɗaya kotu, ɗaya wurin liman, ɗaya ta zauna a gida. Da aka komo da shi zaure, ya sauke wani dogon numfashi, ya shanye kwanon fura, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun kafin ya faɗi.

Damina biyu ya ƙara gani. Da ya rasu, rabon gadonsa bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba, ba wanda ya ɗaga murya. Babban ɗan nan da ya ɓata rai, shi ne ya riƙe hannun liman a ƙofar gida ya ce, "Malam, Allah ya rufa mana asiri. Da haka za mu yi ta ciyar da 'ya'yanmu da haƙƙin marainiya, ba mu sani ba."

Shi dai Allah ya mayar masa da harshensa, Tanimu, amma ba kowa ake mayar wa ba. Nemi shaidunka tun bakinka yana furta abin da ke ranka. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.