Tsohuwa Mai Jar Lema

Tun daga gindin dutse, Kwamanda ya fara zazzaga wa yaran masifa, kamar yadda ya saba. Shi ne shugaban ƙungiyar matasa masu hawan duwatsu da kwanan daji, ƙato mai gemu, usur a wuya, baƙin tabarau ko da hadari. A wurinsa duk yaran nan ragwaye ne, 'yan gata waɗanda har shayi sai an fifita musu. Dokarsa guda ce: duk wanda wani nasa ya biyo shi sansani, a kwance masa ƙyallen wuya a gaban kowa, ya kama hanyar gida.

Shi kuwa nasa ƙyallen kullum a goge yake, ƙal, ko ƙura ba ta yi masa rashin kunya.

Da hantsi suka hango ta. Wata tsohuwa ce da jar lema da kwando, tana tafe a bayansu tana haki. Kwamanda ya yi atishawa, ya busa usur, ya ce a sauya hanya, wai don ya gwada ƙafafunsu. Suka kutsa cikin ƙaya. Da suka ɓulla bakin rafi, ga jar lema can kan tudu.

Nan fa tsegumi ya tashi. Hanyar nan ba wanda ake faɗa wa, Kwamanda kaɗai ya san ta, to wa ke kwarmata wa tsohuwa? Ido ya koma kan Tulu, yaro mai ƙiba wanda kullum shi ne na ƙarshe a layi. Ya sha gudu, ya sha dariya kafin ya samu ƙyallen nan, kuma mahaifinsa ya riga ya ce in aka koro shi, shi da ƙungiya har abada.

Aka zazzage jakarsa ana neman waya, ba a samu komai ba sai safa. Ya rantse, ya maimaita, bai taɓa ganin matar ba. Yara suka yi ta sheƙa dariya, suna tambayarsa ko kakarsa ta taho da zanin goyo.

Kwamanda bai ko waiga tudun ba. Da ya ga surutu ya ƙi mutuwa, sai ya jera su, ya fito da Tulu tsakiya. Ya yi dogon jawabi a kan mazantaka, yana yi yana share hanci, yana sauri kamar wanda mota za ta bari. Ya ce namijin da ba zai iya rabuwa da gindin uwarsa ba, ya zauna gida ya tsince mata shinkafa.

"Wallahi Kwamanda ban san ta ba," in ji Tulu, hawaye na zuba.

"Rufe mana baki, rago."

Ya kama ƙullin ƙyallen ke nan inuwar lema ta faɗo a kansu. Tsohuwa ta iso, ƙafa duk ƙaya. Ta raɓa Tulu ta wuce, ko kallo bai ishe ta ba. Ta ajiye kwando, ta miƙa hannu ta taɓa goshin Kwamanda.

"Auta, tun safe nake binka kana zille mini, ga rigar sanyinka da maganin murar, ka shanye a gabana."