Mutumin da Ya Tsinci Nhan

"A ina ka tsince ta?" in ji Madam Tuyet, jami'ar gwamnati mai tantance masu ɗaukar yara riƙo.

"A bakin kasuwar kifi, nan birnin Can Tho," na ce. "Ban san iyayenta ba."

Ƙarya na yi. Nhan 'yata ce, shekararta uku, kuma da ciwon zuciya aka haife ta. Wasu Turawa, miji da mata, sun yarda su ɗauke ta a yi mata aiki a ƙasarsu. An faɗa mini takardun yaron da ba shi da kowa sun fi saurin fita. Na sa hannu, na bar ta a gidan marayu.

Wata bakwai ina zagaya gidan da babur ɗina na haya. Sai na ji Turawan sun faɗi binciken tantancewa da aka yi musu, ashe mijin mashayi ne. Na ruga ofishin Madam da ke cikin gidan marayun.

"Ranki ya daɗe, tunda an fasa, ki ba ni 'yata."

"'Yarka?" Ta turo mini takardar. "Malam Loi, wannan sa hannun na wane ne? In kana son ta, shiga layi a tantance ka. Ɗaki nawa gare ka?"

"Ɗaya."

"To, ka gani."

Nhan ta hango ni ta taga, ta ƙwala kira, "Baba!"

"Kin ji ko? Kin ji da kunnenki!"

Madam ko kai ba ta ɗaga ba. "Mu muka koya wa yaran. Duk namijin da ya shigo, Baba suke ce masa. Ta haka an fi saurin ɗaukarsu."